Kunun zaƙi da tsiro: yadda nake fito da zaƙin daga jikin hatsin

Kunun zaƙin da nake cin karo da shi a gorar roba a bakin titi, yawanci zaƙinsa na sukari ne. An dama ƙullu, an tsinka da ruwa, an zuba sukari har ya rufe ɗanɗanon geron. Ni ba shi nake so in koya miki ba, 'yar'uwa. Wanda nake yi a gida, zaƙinsa daga cikin hatsin yake fitowa, kuma abin da ke fito da shi tsiro ne, wato hatsin da aka jiƙa ya fara toho sannan aka shanya shi ya bushe. Ba sayarwa nake yi ba, sha'awa ce, kuma maza ma da ke son shiga kicin za su iya bin wannan bayani yadda yake.

Akwai maganar da ya kamata in faɗa tun da wuri. Wannan aiki na tsirar da hatsi a fito da zaƙinsa, shi ne rabin farko na aikin masu dafa giya a wurare da dama na duniya. Masu giyar Jamus da Ingila da sha'ir suke yi. Masu burukutu a Filato da kudancin Kaduna, da masu fito a arewacin Gana, da masu bilbil a arewacin Kamaru da Chadi, da dawa suke yi. Hanyar ɗaya ce har zuwa lokacin da ruwan ya yi zaƙi. Daga nan su sai su bar yis, wato abin nan da ke sa kwaɓin burodi ya tashi, ya cinye zaƙin ya mayar da shi barasa, mu kuma mu tsayar da abin tun yana kunu. Saboda haka wanda ya iya tsiro dole ne ya san inda ake tsayawa, kuma zan yi bayanin wannan sosai a gaba.

Zaɓen hatsi

Hatsin da za ki tsirar dole ya kasance mai rai. Ki nemi na bana, wanda ƙwari ba su huda ba. Idan kina shakka, ɗauki ƙwaya 20 ki naɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle, ki ajiye a inuwa kwana biyu zuwa uku. Idan 17 ko 18 sun fito da saiwa, hatsin ya yi. Idan rabi ne kawai, ki bar shi na tuwo, domin ƙwayar da ba ta tsira ba ruɓewa take yi a cikin sauran, ta kawo wari.

Kada ki kuskura ki yi amfani da irin shuka da ake sayarwa manoma, wanda aka cuɗa da hodar magani mai launin ja ko shuɗi. Yana tsira da kyau, amma guba ce a jikinsa, wanki ba ya fitar da ita. Haka kuma idan kin buɗe buhu a kasuwa kin ji warin maganin ƙwari, wuce gaba.

Ni gero nake fi so a tsiro, sai shinkafa shanshera mai ɓawonta. Shinkafar da aka turara ko aka cashe ba za ta tsira ba. Dawa ma tana yi, kaura ko farfara, amma tana da sharaɗi. Tohon dawa da saiwarta suna ɗauke da wani sinadari da ke sakin guba irin wadda ke cikin rogo mai ɗaci. Makiyaya sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suke kore dabbobi daga ƙaramar dawa, musamman wadda fari ya taɓa. To idan dawa kika tsirar, sai ta bushe ƙayau, ki murje tohon da saiwar tas, ki bakace su fita gaba ɗaya. Mai fara koyo ta fara da gero.

Tsirarwa

Auni gwangwanin madara huɗu na gero ki rege shi, ki zubar da duk abin da ya taso saman ruwa. Jiƙa shi awa 12 zuwa 16, ki canza ruwan sau ɗaya ko biyu a tsakani, don ƙwayar tana numfashi kuma ruwan da ya daɗe tsami yake yi. Sai ki tsane shi a kwando.

Ki jiƙa buhun algarara wankakke ko tsohon zanen atamfa mai tsabta, ki shimfiɗa a tire ko faifai, ki baza geron kaurin bai wuce gaɓar yatsa biyu ba, ki rufe da wani jiƙaƙƙen zanen. A ɗaki mai iska za ki ajiye, ba a rana ba. Safe da yamma ki buɗe, ki yayyafa ruwa, ki juya da hannu a hankali. Danshi ake so, ba ruwa kwance ba. Juyawar tana da muhimmanci domin hatsin da ke tsira zafi yake fitarwa, idan kin sa hannu a tsakiya za ki ji ɗumi, kuma idan aka bar shi a dunƙule fumfuna ce za ta kama shi.

A rana ta biyu za ki ga wani ɗan farin baki ya leƙo daga gindin kowace ƙwaya. A rana ta uku saiwoyin sun miƙe sun fara sarƙewa da juna, har idan kin ɗaga gefe ɗaya sauran ya biyo. Ƙanshinsa a lokacin na ɗanyen ganye ne mai daɗi. Tauna ƙwaya ɗaya: za ki ji ta yi laushi, da ɗan zaƙi can a bayan harshe. A lokacin zafi kwana uku ya isa, da hunturu yakan kai huɗu ko biyar. Kada ki jira tohon ya yi tsawo ya zama kore, domin a lokacin ɗan tsiron ya fara cinye abincin da kike nema. Duk inda kika ga baƙi-baƙi ko kore-kore na fumfuna, ko kika ji warin ruɓa, zubar da duka za ki yi. Wasu nau'in fumfunar hatsi suna barin dafin da ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe shi.

Sai shanya. Baza shi siriri a tabarma ko tire a rana, a rufe da raga saboda kaji da ƙuda, kwana biyu zuwa uku, har ƙwayar ta riƙa fashewa ƙaras a haƙori. Kada ki gaggauta da wuta. Murje shi tsakanin tafukan hannu, saiwoyin su kakkarye, ki bakace a faifai. Abin da ya rage shi ne tsiro. Ki daka shi a turmi ko ki kai inji a niƙa miki shi a bushe.

Abin da ya faru a cikin ƙwayar shi ne: da ta ji ruwa ta farka, sai ta ƙirƙiri wasu sinadarai da aikinsu shi ne yanka sitaci ya koma sukari, don ɗan tsiron ya samu abinci. Masana suna kiran su amiles. Shanyawa ta dakatar da tsiron amma ba ta kashe sinadaran ba, suna nan kwance cikin garin suna jiran ruwa da ɗumi.

Ƙullu da damawa

Ga awon da nake bi: gero gwangwani takwas wanda ba a tsirar ba, garin tsiro gwangwani biyu, busasshiyar citta kamar yatsa uku, kanumfari cikin ƙaramin cokali, masoro kaɗan, barkono ɗaya ko biyu ga mai so. Wannan yakan ba ni kunu lita bakwai zuwa takwas, gwargwadon kaurin da nake so.

Rege geron ki jiƙa shi ya kwana. Da safe ki zubar da ruwan, ki ɗauraye, ki haɗa da kayan ƙamshin a kai markaɗe. Ki roƙi mai injin ya wanke shi tukuna, ko ki je da sassafe kafin a fara niƙa tattasai da wake, in ba haka ba kununki zai zo da ƙanshin miya. Ya yi laushi sosai, kuma kada a cika masa ruwa.

Raba ƙullun kashi uku. Kashi biyu ki zuba a babbar tukunya ko bokiti mai murfi, ki sassauta shi da ɗan ruwa. Kashi ɗaya ki ajiye gefe. Tafasa ruwa lita biyar ya tafasa sosai, ki sheƙa a kan kashi biyun nan kina juyawa da muciya, kamar za ki dama koko. Zai yi kauri, launinsa ya ɗan yi duhu, ya riƙa sheƙi. Idan bai kama ba, wato ruwan bai yi zafin da ya kamata ba, ɗora a wuta ki ci gaba da juyawa har ya yi kauri. Wannan mataki ba a tsallake shi, domin sinadaran tsiro ba sa iya cin ɗanyen sitaci sosai, sai wanda ya dahu ya buɗe.

Nan ne mutane da yawa suke ɓata aikinsu. Suna gama damawa sai su zuba tsiron nan take cikin abu mai tururi, daga baya su ce tsiro ba ya aiki. Zafin da ya haura digiri 75 zuwa 80 a ma'aunin Celsius kashe sinadaran yake yi, kuma idan sun mutu ba sa dawowa. Inda suka fi aiki shi ne tsakanin digiri 60 da 65. Idan kina da ma'aunin zafi na kicin, to magana ta ƙare, kuma ina ba ki shawara ki saya, ba shi da tsada idan aka kwatanta da geron da zai cece miki. Idan babu, juya damun kina fifita shi na minti 15 zuwa 20, sannan ki wanke hannu ki tsoma yatsa. Idan ba ki iya tsomawa ba sam, da saura. Idan kin iya ƙirga ɗaya, biyu, uku kafin zafin ya sa ki zare, ya yi. Idan kina iya barin yatsan ba damuwa, ya huce da yawa, ɗan ɗumama shi.

Ki kwaɓa garin tsiron da ruwa mai ɗumi, ki haɗa da ɗanyen ƙullun da kika ajiye, ki zuba cikin damun, ki juya sosai ta kowane lungu. Yanzu kada ki tafi ko'ina, tsaya ki kalla. Da farko muciyar tana tafiya da ƙyar, tana barin hanya a bayanta. Bayan minti biyar hanyar ta fara rufewa da kanta. Kafin minti 20, abin da ɗazu yake tsayawa a jikin muciya ya koma yana zuba daga ludayi shar, alhali ba ki ƙara ɗigon ruwa ba. Ya tsinke ke nan. Lasa ki ji. Zaƙin bai kai na sukari kaifi ba, mai taushi ne, yana zuwa a hankali kuma yana daɗewa a baki.

Rufe tukunyar ki naɗe ta da bargo ko ki sa ta cikin kula, ta riƙe ɗuminta awa ɗaya zuwa biyu. Duk rabin awa ki lasa, za ki ji zaƙin yana ƙaruwa.

Gwaggona da busasshen dankalin Hausa take yi maimakon tsiro, a markaɗa shi tare da ɗanyen ƙullun, kuma kununta ba shi da makusa. Dankalin yana da irin wannan sinadari a jikinsa, shi ya sa gasasshensa ya fi ɗanyensa zaƙi. A ganina dankali ya fi ba da zaƙi, tsiro kuma ya fi tsinka kauri da ba da ƙanshin hatsi. Idan na samu duka biyun nakan haɗa, in ƙara yankakken dankali cikin tafin hannu biyu a markaɗen.

Ga mai son gwaji: ɗebo cokali ɗaya a farin faranti, ki ɗiga aidin irin na wanke ciwo. Idan ya koma shuɗi mai duhu, akwai sauran sitaci. Masu dafa giya suna jira har launin ya daina canzawa, domin su duk sukarin suke so. Mu ba ma buƙatar haka, sauran sitacin ne ke ba kunu jiki. Abin da kika ɗiga wa aidin zubarwa za ki yi, ba a mayarwa cikin tukunya.

Ɗan tsami, da inda ake tsayawa

Kunun zaƙi mai kyau yana da ɗan tsami a bayan zaƙin. Wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani ne ke kawo shi, dangin waɗanda ke mayar da madara nono. Suna nan a jikin hatsin, ba sai kin zuba komai ba. Cire bargon ki bar tukunyar a rufe. Da hunturu za ta iya kwana. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Kano da Sakkwato ke kaiwa digiri 40, awa biyar zuwa shida ya isa, saboda haka nakan dama da safe in tace da la'asar. Tace da rariya mai laushi ko farin ƙyalle, ki matse dusar, ki ƙara tafasasshen ruwan da ya huce har kaurin ya yi miki.

Tare da waɗannan bakteriya akwai yis, a jikin hatsi, a iska, a jikin mazubi. Shi aikinsa ya ci sukari ya fitar da barasa da iska. Da farko ba shi da yawa, bakteriyar tsami ce ke gaba. Amma yana hayayyafa, kuma zafi yana hanzarta shi. Ki lura da wannan: gwargwadon kyan tsironki, gwargwadon yawan sukarin da kika tanadar masa. Kunun da aka yi da tsiro mai ƙarfi ya fi saurin juyawa a kan wanda aka dama haka nan.

Alamomin ba sa ɓuya. Ƙananan kumfa suna tasowa daga ƙasa ba tare da an girgiza ba. Gorar roba ta kumbura ta yi tauri, idan an buɗe ta yi tsaki da ƙarfi. Zaƙin ya ja baya, kunun yana tsikarin harshe, ƙanshin ya koma na kwaɓin burodin da ya wuce tashi. Idan ya kai nan ba na sha, ba na ba yara, ba na ƙara sukari don in rufe shi, domin ƙarin sukari ƙarin abinci ne ga yis ɗin.

Wannan matsala ba sabuwa ba ce a gidan Musulmi. Ya zo a Sahihu Muslim daga Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, abin sha, ya sha a ranar da washegari har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage kuma a shayar da shi ko a zubar. Jiƙon dabino ko zabibi ne wannan, kuma an sa masa wa'adi. Kunun tsiro a zafin ƙasarmu bai kai wannan jimiri ba. Ni ƙa'idata, wanda ba a sanyaya ba a shanye shi a ranar da aka tace.

Akwai kuma hanin da ya zo kan yin jiƙo a cikin duma da mazubin da aka shafe da kwalta, wanda masu karatun Risala suka sani. Malamai sun bayyana cewa abin sha yana saurin juyawa a irin waɗannan mazubai ba tare da an ankara ba. Ko a kicin na ga hikimar hakan. Ƙwarya, da tsohuwar muciya mai tsaga, da tulun da aka saba zuba kunu, duk suna riƙe ragowar na jiya a cikin ƙofofinsu, kuma wannan ragowa ita ce ke tayar da sabo da wuri. Shi ya sa nake amfani da tukunyar silba ko bokitin roba mai santsi, in wanke da sabulu in ɗauraye da tafasasshen ruwa. Kada kuma ki juye sabon kunu a kan sauran tsoho.

Ajiya

Idan akwai firji kuma wuta tana zama, kunun zai kai kwana biyu zuwa uku. Sanyi rage wa yis gudu yake yi, ba kashe shi ba, don haka ko a firji ki riƙa taɓa gorar kina jin ko ta yi tauri. Idan babu wuta, kula da ƙanƙara za ta kai ki dare. Kada ki zuba a kwalbar gilashi ki toshe, iskar da ke taruwa tana iya fasa ta. Gorunan ki tanadi naki na gida, ki san inda suka fito. Sukari, ga wanda zaƙin tsiro bai ishe shi ba, a kofi za a zuba lokacin sha.

Idan kina so ya daɗe, misali za ki aika wa wani ko kina shirin buɗe-baki na kwanaki, sai ki canza abu ɗaya tun farko: dama ƙullun gaba ɗaya, kada ki ware ɗanye. Bayan kin tace, ki ɗora a wuta marar ƙarfi kina juyawa, ya kai digiri 70 zuwa 75 ya zauna minti 15, sannan ki zuba a wankakkun goruna masu jure zafi, ki sanyaya da sauri cikin ruwan sanyi. Wannan ɗumamawa tana kashe yawancin yis da bakteriyar. Dalilin hana ware ɗanyen ƙullu kuwa, idan yana ciki zafin zai dafa shi, kunun ya koma koko.

Ragowar garin tsiron ki sa a kwalba busasshiya mai murfi, nesa da danshi, zai yi wata biyu zuwa uku yana aiki. Yana da wani amfanin ma: ƙaramin cokali ɗaya a cikin kokon yaro mai kauri, bayan ya ɗan huce, yana tsinka shi ya shawu ba tare da an cika shi da ruwa ba. Na gero ko shinkafa za ki yi wa yaro, kuma bayan ya tsinke ki mayar wuta ya tafasa kafin ki ba shi.

Idan hannunki ya faɗa, gwada lemon malt na gida. A 1988 gwamnatin Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, abin da ya sa masana'antun ƙasar suka koma wa dawa da masara, saboda haka wannan ɗanɗano da kike ji a kwalba hatsinmu yana iya ba da shi. Ware kashi ɗaya cikin biyar na busasshen tsiron kafin niƙa, ki soya shi a busasshen kasko kina juyawa har ya yi ja mai duhu, kada ya ƙone. Soyayyen ya rasa sinadaransa, launi da ƙanshi kawai zai bayar, sauran kashi huɗun ne za su yi aikin. Barza su tare, ki jiƙa a ruwa mai digiri 65 awa biyu a naɗe cikin bargo, ki ɗaga zafin a hankali kina juyawa, ki tace da ƙyalle sau biyu. Tafasa tataccen ruwan minti 30 zuwa 40 tare da ɗan kanumfari har ya ragu ya yi duhu. Shi wannan ba a bar shi ya yi tsami ko kaɗan, yana hucewa sai firji, a shanye cikin kwana biyu. Dusar da ta rage ki shanya ki ba kaji ko awaki.